Haɓa Mai Hawa Biyu: Abin da Allura da Wuƙa Ke Iya Yi wa Wuyan Namiji

A shekarar 2015 kamfanin magunguna na Allergan ya zuba kimanin dala biliyan 2.1 ya saye wani ƙaramin kamfani na jihar Kaliforniya mai suna Kythera. Kamfanin nan ba shi da maganin ciwon daji, ba shi da na zuciya, ba shi da na zazzaɓi. Hajarsa ɗaya ce tak, wata allura mai suna Kybella, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a watan Afrilun wannan shekara. Aikinta kuwa bai wuce narkar da ɗan kitsen nan da ke taruwa a ƙarƙashin haɓa ba. Bayan shekara biyu Allergan ya ƙara da sayen Zeltiq, masu na'urar CoolSculpting da ke daskarar da kitse, a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 2. Ɗan kasuwa ba ya zuba irin wannan dukiya inda bai hango ciniki ba, kuma cikin waɗanda aka hango har da maza.

Alƙaluman ƙungiyar likitocin tiyatar kwalliya ta duniya, ISAPS, sun nuna cewa kusan ɗaya cikin bakwai na irin wannan aiki a jikin maza ake yin sa. Sun fi neman gyaran fatar ido, da rage nono, da zuƙe kitse, da gyaran hanci. Wuya ya shigo sahu sosai ne a zamanin korona, lokacin da ma'aikata suka koma taro ta Zoom. Mutumin da a da sai zai fita yake duba madubi, sai ga shi yana wuni yana kallon fuskarsa, kuma ta mafi munin kusurwa, domin kyamarar kwamfutar da ke kan tebur daga ƙasa take ɗauka, mutum kuma yana sunkuye. Wata likitar fata ta jami'ar Harvard, Shadi Kourosh, tana cikin waɗanda suka fara yin rubutu a kan yadda wannan kallon kai ya cika asibitocin kwalliya da mutanen da suka zo da ƙorafin abin da kyamara ta ƙara wa gishiri.

A ƙasar Hausa lamarin da sauƙi, ko a ce yana da sauƙi har zuwa kwanan nan. Magidancin da ya ajiye tumbi, wuya ya yi ninki, yabo yake sha. "Alhaji, hutu ya karɓe ka," in ji abokai, ko su ce naira ta zauna. Ga gemu yana rufe abin, ga wuyan kaftani ba ya shaƙe mutum kamar kwala da laktaye, mai sarauta kuma amawalin rawani ya gama masa komai. Sai dai wayar da ke hannun matashin Landan ita ce a hannun na Kano da na Maraɗi, tallan da ke bin wancan a Instagram da TikTok shi ke bin wannan, kuma masu hali da ke zuwa Alƙahira, Dubai da Istanbul duba lafiya suna ganin allunan asibitocin nan da idonsu. Tambayar da kowa ke fara yi ita ce wace hanya ta fi, allura ko na'ura ko wuƙa. A ganina an fara daga tsakiya. Abin da ake gani a matsayin ninkin haɓa abubuwa ne daban-daban da suka yi kama a ido, kuma kowanne da maganinsa.

Me ke cikin wuyan?

Likitan da ya san aikinsa da yatsu yake farawa. Zai zaunar da mutum ya sa shi ya kalli gaba, ya kama naman ƙarƙashin haɓa tsakanin babban yatsa da manuni. Sannan ya ce, "Yallaɓai, cije haƙora, ka ja gefen baki ƙasa da ƙarfi." Yin haka yana ɗaure wata siririyar tsoka mai faɗi da ake kira platisma, wadda ta shimfiɗu daga ƙirji zuwa muƙamuƙi a ƙarƙashin fata. Idan tsokar ta ɗaure amma naman yana nan a hannun likita, to kitse ne da ke saman tsoka, tsakaninta da fata, kuma shi ne mai sauƙin cirewa. Idan kuwa naman ya suɓuce ya koma ciki, wuyan kuma yana nan a cike, to abin yana ƙarƙashin tsoka, inda allura da bututun zuƙe kitse ba su da hurumin shiga.

Daga nan zai ja fatar ya sake, ya ga ko tana komawa nan take ko sai ta yi jinkiri. Zai zagaya ya dubi fuskar ta gefe, ya auna inda ƙarshen haɓa ya tsaya idan aka kwatanta da leɓen ƙasa. Zai ba mutum ruwa ya haɗiye, yana lura da abin da ke motsi a maƙogwaro, yana laluben wani ɗan ƙashi mai siffar kofaton doki da harshe ke rataye a kansa. A 1980 wasu likitoci biyu, Ellenbogen da Karlin, suka wallafa siffofin wuyan da ido ke ɗauka na matashi ne, ciki har da kusurwar da ke tsakanin ƙasan haɓa da wuya, wadda suka ce takan kama daga digiri 105 zuwa 120. Wanda Allah ya halitta da ƙashin nan can ƙasa kuma ya turo gaba, kusurwarsa a buɗe take tun yana yaro, kuma ko an kwashe kitsen wuyan kaf ba zai sami wuyan da yake gani a talla ba. Likitan kirki tun a ranar farko yake faɗa masa haka.

Akwai kuma kumburin da ba na kwalliya ba ne sam. Maƙoƙo, wanda ƙarancin sinadarin aidin ke yawan haddasawa, shi ya sa Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun farkon shekarun 1990, kuma har yanzu ana ganinsa. Kaluluwar da ta kumbura ta ƙi saɓewa na iya zama alamar tarin fuka ko ciwon daji. Ƙwayoyin ƙara ƙiba irin su deksametason, waɗanda ake sayarwa da sunan "sha ka fashe", suna kumbura fuska da wuya da ƙeya, haka ma wanda ya daɗe yana shan magungunan wannan aji saboda asma ko ciwon gaɓoɓi. Namijin da kaurin wuyansa ya kai inci 17, wajen santimita 43, yana munshari mai ƙarfi, yana wuni da gyangyaɗi, uwargida kuma ta ce numfashinsa kan ɗauke cikin barci, gwajin barci yake bukata kafin komai. Wannan ɗaukewar numfashi tana tafe da hawan jini da ciwon zuciya, tana kuma ƙara haɗarin maganin sa barci a ɗakin tiyata. Zuƙe kitsen ƙarƙashin fata ba ya warkar da ita, domin abin da ke toshe hanyar iska yana can ciki, a harshe da bangon maƙogwaro.

Zuƙe kitse

Ga wanda kitsensa ke saman tsoka, fatarsa kuma da sauran ƙarfi, wato galibi ɗan ƙasa da shekara 45 ko 50, tsohuwar hanya har yanzu ita ce kan gaba. Wasu likitoci uba da ɗa, Arpad da Giorgio Fischer, su suka fara gwada zuƙe kitse da bututu a birnin Rum a tsakiyar shekarun 1970. Bafaranshe Yves-Gérard Illouz ya gyara dabarar da bututu mai dakusasshen baki wanda ba ya yanka jijiyoyi. A 1987 wani likitan fata na Kaliforniya, Jeffrey Klein, ya wallafa hanyar cika wurin da ruwan gishiri mai haɗe da maganin kashe zafi da sinadarin adirenalin mai tsuke hanyoyin jini. Wannan ne ya sa aikin ya zama ana iya yin sa mutum na farke, jinin da ake zubarwa kuma kaɗan.

A wuya, aikin ba ya cika wuce awa ɗaya. Ana zana iyakar kitsen da alƙalami mutum yana zaune, domin da zarar ya kwanta siffar takan sauya. A tsaga ɗan wuri da bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba a cikin layin da ke ƙarƙashin haɓa, wani lokaci a ƙara biyu a bayan kunnuwa. A ɗura ruwan nan har wurin ya yi tauri ya yi fari, a jira mintoci. Sannan a zura bututun ƙarfe mai kaurin milimita biyu zuwa uku, ana turawa ana jawowa a shimfiɗe kamar mafici, hannun hagun likita na kan fata yana jin bakin bututun. Ramin bututun ƙasa yake kallo, nesa da fata, don kada ya kankare ta. Kitsen yana bin roba rawaya-rawaya zuwa cikin sirinji ko kwalba, kuma abin mamaki duka-duka bai fi 'yan cokula ba. Gwanintar tana wajen abin da aka bari. Dole a bar shimfiɗar kitse siririya manne da fata, in ba haka ba fatar ta manne wa tsoka, wuyan ya yi kwari-kwari, igiyoyin platisma su fito fili, mutum ya tsufa a maimakon ya yi ƙuruciya. Mayar da kitsen da aka kwashe fiye da kima ya fi cire shi wuya nesa ba kusa ba.

Bayan aiki ana ɗaure kai da wani ƙyalle mai roba daga haɓa zuwa tsakar ka, dare da rana na 'yan kwanaki, daga baya da dare kawai. Kumburi da tabon taruwar jini sukan lafa cikin mako biyu, amma taurin wurin da rashin jin taɓi na iya kai wata da watanni, siffa ta ƙarshe kuma sai bayan wata uku zuwa shida. Wata jijiyar laka da ke bin gefen muƙamuƙi, mai sarrafa leɓen ƙasa, ita ce abar tsoro. In ta bugu, murmushi ya karkace, galibi na 'yan makonni, amma wani lokaci ya zauna. Maza suna da ɗan rangwame a nan, domin fatar gemu ta fi kauri, tana komawa da kyau, tana kuma ɓoye ƙananan kurakurai.

Allurar da aka yi wa kirari

Sinadarin da ke cikin Kybella, wanda ake sayarwa da sunan Belkyra a Kanada da Turai, kwaikwayo ne na wani asid da ke cikin ruwan matsarmama, wanda jiki ke amfani da shi wajen narkar da man da aka ci. Idan aka tsira shi cikin kitse yana fasa bangon ƙwayoyin kitsen, jiki kuma ya share tarkacen a hankali. Tallan ya tsaya a kan cewa babu yanka, babu ɗinki, kuma gaskiya ne. Ga abin da ba a cika ɗaga murya a kansa ba: ana manna wa wuya taswirar ɗige-ɗige masu tazarar santimita ɗaya, a tsira allura a kowane ɗigo, har zuwa 50 a zama guda. Ana iya maimaita zaman har sau shida, da tazarar aƙalla wata ɗaya. Kowane zama yana tafe da raɗaɗi da kumburin da kan ninka haɓar da aka zo ragewa, na kwanaki ko mako biyu. Wanda ya guji kumburin tiyata sau ɗaya, sai ya sha na allura sau uku ko huɗu. A Amurka kuɗin zama ɗaya kan haura dala dubu, saboda haka in an tara lissafi yakan kamo kuɗin zuƙe kitse, har ya wuce.

Allurar tana aiki, ba a musu. A manyan gwaje-gwajen da aka yi wa mutane sama da dubu, kusan kashi 68 cikin 100 sun sami raguwar da su da likita suka gani, idan aka kwatanta da kusan kashi 20 na waɗanda aka tsira wa ruwan banza. Sai dai fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka yi gwajin da su mata ne, kuma namiji ya fi yawan kitse mai tauri da faɗin wuya, don haka yakan ci kwalabe da yawa. Kashi 4 cikin 100 sun sami rauni na ɗan lokaci a jijiyar leɓe, kashi 2 sun sha wahalar haɗiya. Akwai kuma abin da ya shafi maza kai tsaye, wanda aka rubuta a takardar gargaɗin maganin: gashi na iya zubewa a wuraren da aka tsira allurar, wani lokaci ya dawo, wani lokaci ya ƙi. Mai gemu ya yi wannan tunani da kyau.

Haɗari mafi girma yana wajen 'yan kwaikwayo. A ƙarshen 2023 FDA ta yi gargaɗi a kan alluran narkar da kitse da ba ta amince da su ba, masu sunaye irin su Aqualyx, Lipo Lab da Kabelline, bayan rahotannin gyambo, ƙuraje masu ruwa da tabo na dindindin. A 2024 hukumar magunguna ta Suwizalan ta yi irin wannan gargaɗi a kan Lemon Bottle, wadda ta yi tashe a TikTok. Irin waɗannan kwalabe ta intanet ake odarsu, kuma masu tsira su sau da yawa masu shagon gyaran jiki ne da suka yi kwas na kwana biyu. Sinadarin da ke fasa ƙwayar kitse bai san bambancinta da ƙwayar fata ko ta jijiya ba, hannun mai allurar ne kaɗai ke raba su. Araha ba ta ado.

Sanyi, zafi da sauran su

Dabarar CoolSculpting ta samo asali ne daga abin da likitocin yara suka daɗe da lura da shi, cewa yaron da ya daɗe yana tsotsar ƙanƙara kitsen kumatunsa kan lalace alhali fatar lafiya lau. Dieter Manstein da Rox Anderson na babban asibitin Massachusetts su suka mayar da wannan na'ura, kuma a 2015 aka amince da ƙaramin kanta na ƙarƙashin haɓa. Na'urar tana tsotso naman ta sanyaya shi ƙasa da ma'aunin daskarewar ruwa na kusan minti 45, kitsen wurin kuma ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin biyar bayan wata biyu ko uku. Raguwa ce mai sauƙi, ta dace da mai ɗan kitse kaɗan. Amma tana da wata illa mai ban takaici: a wasu mutane kitsen kan ƙaru ya yi tauri, ya ɗauki siffar bakin na'urar, kuma ba ya tafiya sai da tiyata. Hausawa kan ce garin neman ƙiba an samo rama, a nan kuwa akasin haka ne. Da farko an ƙiyasta abin na faruwa sau ɗaya cikin 20,000, daga baya kamfanin ya ce sau ɗaya cikin kusan 3,000, wasu likitoci kuma sun ba da rahoton fiye da haka. Binciken da aka yi ya nuna ya fi samun maza. Shahararriyar mai tallan kayan ƙawa Linda Evangelista ta kai ƙarar Zeltiq a 2021 tana neman dala miliyan 50 saboda wannan illa, aka sasanta a 2022.

Na'urorin ɗame fata da zafi, irin su Ultherapy da FaceTite, suna ɗan taimaka wa fatar da ta fara saki, ba wadda ta riga ta zubo ba. Zaren da ake zurawa a ƙarƙashin fata a ja, aikinsa ba ya daɗewa, musamman a wuyan namiji mai nauyi. Su kuwa robobin taunawa da motsa muƙamuƙi da manna harshe a ganɗa da samari ke koya wa juna a intanet, babu hujjar cewa suna narkar da kitsen wuri guda. Likitan haƙorin Ingila da ya yaɗa dabarar harshen, Mike Mew, hukumar likitocin haƙori ta ƙasar ta soke sunansa daga rajista a 2024.

Idan fata ce ta saki

Dattijon da ya haura 55, ko wanda ya zubar da ƙiba mai yawa, matsalarsa daban. Irin na biyun nan suna ƙaruwa tun da alluran rage ƙiba irin su Wegovy, wadda aka amince da ita a Amurka a 2021, suka bazu. Idan aka zuƙe kitse a irin wannan wuya, abin da zai rage shi ne buhun da aka zazzage, fata na reto babu abin da ya riƙe ta. A nan sai tiyatar ɗage wuya. Ana tsaga ƙarƙashin haɓa kamar santimita uku zuwa huɗu, a ɗaga fata, a cire kitsen sama da na ƙarƙashin tsoka ido na gani, sannan a haɗo gefuna biyu na platisma da suka rabu a ɗinke su a tsakiya, dabarar da Joel Feldman ya shahara da ita tun 1990. Wasu likitocin kan rage glandar yawu da ke ƙarƙashin muƙamuƙi idan ta zubo, wasu kuma suna ganin haɗarin zubar jini a wannan lungu ya fi amfanin. Idan fatar ta yi yawa, sai a tsaga ta gaban kunne a zagaya bayansa, a ja ta sama da baya, a yanke rarar.

A wannan mataki ne namiji ya bambanta da mace ƙwarai. Saiwoyin gemu suna bukatar jini, saboda haka fatar fuskar namiji cike take da ƙananan hanyoyin jini, kuma taruwar jini a ƙarƙashin fata bayan tiyata ta fi samun maza. Likita Daniel Baker na New York da abokan aikinsa sun bi diddigin maza 985 da aka yi wa ɗage fuska cikin shekara 30, suka wallafa a 2005 cewa matsalar ta sauko daga kashi 8.7 cikin 100 zuwa kusan kashi 4 bayan sun tsananta kula da hawan jini kafin aiki da bayansa. Ko wannan adadin ya fi na mata. Jinin da ya taru a wuya na iya danne hanyar numfashi, kuma galibi a daren farko yake faruwa, shi ya sa tambayar wa zai kwana kusa da majiyyaci, kuma minti nawa ne tsakaninsa da ɗakin tiyata, ta fi tambayar farashi muhimmanci. Hawan jini kuwa ya yi yawa a cikin magidantanmu, da yawa ba su ma san suna da shi ba. Asfirin da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak suna tsinka jini, dole likita ya san ana shan su. Taba da shisha suna tsuke hanyoyin jini har gefen fatar da aka ja ya mutu ya yi baƙi, don haka likitoci kan nemi a daina aƙalla wata guda kafin aiki.

Sai kuma gemun kansa. Fatar da aka ja baya da gashinta take tafiya, sai mutum ya wayi gari yana aske bayan kunne, ko saje ya matsa daga inda yake. Mace na rufe tabo da gashi ko ɗankwali, namiji mai aski ƙwal ba shi da wannan gata, hula kuma ba ta sauko kan kunne. Saboda irin wannan ne tun 1971 likitoci biyu na Houston, Thomas Cronin da Thomas Biggs, suka bayyana wata hanya don maza tsofaffi: a yanke rarar fatar kai tsaye daga gaban wuya, a ɗinke ta a karkace yadda tabon ba zai tsuke ba. Aiki ne gajere, ana iya yin sa da allurar kashe wuri, amma tabon yana gaba inda kowa zai gani.

Wannan ya kawo mu ga abin da tallan Turai ba ya damuwa da shi. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tsiro, wanda kan kumbura ya wuce iyakar ciwon, ya yi ƙaiƙayi, kuma in an yanke shi ya dawo ya fi da. Gefen muƙamuƙi, fatar kunne, ƙirji da ƙeya suna cikin wuraren da ya fi so, wasunsu kuma daidai inda wuƙar wannan aiki ke bi ne. Duk wanda ya taɓa samun irin wannan tabo daga kaciya, ƙaho, tsagar wanzami, ko ƙurajen aski a ƙeya da ƙarƙashin gemu, ko kuma akwai shi a danginsu, ya nuna wa likita kafin a yi maganar rana. Ga irin wannan mutum, ɗan hujin zuƙe kitse abu ne da za a iya tattaunawa, amma doguwar tsaga a gaban wuya caca ce.

Akwai rukunin da aka fi yi wa kuskure, matashi siriri mai ninkin haɓa. Sau da yawa ƙashin haɓarsa ne gajere ko ya koma baya, naman wuya ya rasa inda zai miƙe. Maganinsa ƙarin haɓa ne, ko dai da roba ta musamman da ake sakawa a kan ƙashi, ko a yanka ƙashin ta cikin baki a turo shi gaba a ɗaure da ƙarfe, hanyar da Trauner da Obwegeser suka bayyana a 1957. Ta biyun ta fi wahala, amma tana jawo tsokokin ƙasan baki gaba, wuyan ya miƙe da kansa. Idan kuwa muƙamuƙin ƙasa gaba ɗaya ne ya koma baya har haƙora ba sa haɗuwa daidai, aikin na likitan haƙori da muƙamuƙi ne.

Hannun wa, kuma a ina?

'Yan Najeriya ba su manta da rasuwar Stella Obasanjo ba, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, a ranar 23 ga Oktoban 2005, bayan tiyatar zuƙe kitsen ciki a wani asibiti mai zaman kansa a yankin Marbella na ƙasar Sifen. A 2009 kotu a Malaga ta sami likitan da laifin sakaci ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Aikin ciki ya fi na haɓa girma da haɗari, amma shari'ar ta nuna cewa kuɗi da ƙasar Turai ba su ne kariya ba, kuma jinkirin gane matsala bayan aiki yana kisa kamar kuskuren cikin aikin. Mai niyyar zuwa Istanbul ko Alƙahira a tsarin nan na kwana biyar da otal da mota ya tambayi kansa wa zai cire ɗinkin, wa zai duba wurin in ya yi ruwa bayan ya dawo gida.

A cikin gida Najeriya akwai ƙwararru. Hukumar MDCN ce ke rajistar likitoci, kuma likitocin wannan fanni suna da ƙungiyarsu, NAPRAS. Mutum na da damar tambayar likita kai tsaye ko ya kammala horon ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki, ko ta kunne da hanci da maƙogwaro, ko ta fuska da muƙamuƙi, ya kuma nemi ganin hotunan maza baƙaƙe da ya yi wa irin aikin, na bayan wata shida, ba na bayan mako ɗaya ba. Ƙwararrun ba su da yawa, kuma a Arewa hannunsu a cike yake da ƙunar wuta, da yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe, da waɗanda cutar noma ta ci wa fuska, irin waɗanda asibitin noma na Sakkwato ke karɓa tun 1999. Wannan giɓi ne masu shagunan kwalliya ke cikewa.

Mai karatu Musulmi kuma zai so sanin matsayin addini. Malamai sun daɗe suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya, wajen halatta gyaran abin da ya lalace. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a Yulin 2007, ta halatta tiyatar da ke gyara lahani na haihuwa ko na hatsari ko na cuta, da wanda ke jawo wa mai shi cutuwa a jiki ko a rai. Ta halatta zuƙe kitse idan ƙibar ta zama cuta kuma babu wata hanya, ta hana cire tamoji da wuƙa ko allura sai in larura ce, ta kuma hana sauya halitta lafiyayya don son zuciya ko kwaikwayon wasu. A wannan ma'auni, mai gajeren muƙamuƙin da ke hana shi numfashi cikin barci hukuncinsa daban da na wanda hoton Zoom ne kawai ya ɓata masa rai, kuma malamin da za a tambaya zai bukaci jin abin da likita ya gano a wuyan kafin ya ba da fatawa.